Baba ya tashi daga zazzaɓi amma mantuwa ta zauna: me ya faru a ƙwaƙwalwarsa?

"Assalamu alaikum Likita. Mahaifinmu shekararsa 67, a Tudun Wada muke nan Zariya. A ƙarshen daminar bara ya yi zazzaɓi mai zafi, a kwana na uku ya fara sambatu, ba ya gane kowa. Gwajin maleriya bai nuna komai ba. An kwantar da shi sati biyu, aka ɗebi ruwan bayansa, likitoci suka ce kumburin ƙwaƙwalwa ne na bairas, mai yiwuwa irin wanda sauro ke kawowa. Alhamdulillahi ya tashi. To amma yau wata bakwai ke nan mantuwa ta hana shi sakat. Rannan ya fito daga masallacin da ya shekara talatin yana salla a ciki, ya tsaya a bakin layi, ya rasa ta inda zai bi ya koma gida. An yi masa hoton kai an ce babu komai. A dangi wasu na cewa sammu ne, wasu na cewa tsufa ne. Ƙanena da ke jami'a ya ce ya karanta wai sojojin ƙwaƙwalwar ne da kansu suke cinye ta. Gaskiya ne? Kuma zai dawo daidai?"

Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ne, ku kuma Ya ba ku ladan jinya. Idan na fahimce ki, abin da ya tsaya miki a rai shi ne yadda za a ce cuta ta tafi, hoto ya fito tas, amma mutum ya ɓata a layinsu. Sannan kina son sanin ko da gaske ne ƙwayoyin da aka halitta don su tsare ƙwaƙwalwa su ne ke juyowa su yi mata ɓarna. Ƙaninki bai yi ƙarya ba, sai dai rabin zancen ya kawo miki, kuma rabin da ya bari shi ne mai kwantar da hankali.

Ban ga Baba ba, ban ga takardun asibitinsa ba, don haka ba zan iya cewa ga bairas ɗin da ta kama shi ba. Abubuwan da ke kumbura ƙwaƙwalwa suna da yawa. Zan yi miki bayani a kan waɗanda sauro ke kawowa tunda su likitocinsa suka yi zato, kuma labarin da kika bayar, wato dattijo, ƙarshen damina, zazzaɓi da ruɗewa, ya yi kama da nasu ƙwarai.

Ba maleriya kaɗai ke bakin sauro ba

Mu a nan da an ce sauro sai a ce maleriya. Amma sauro iri-iri ne, kowanne da kayan da yake dako. Anofilis shi ne mai maleriya, ita kuwa maleriya ba bairas ba ce, wata ƙwayar halitta ce daban mai shiga jajayen ƙwayoyin jini. Akwai edis, baƙi mai zanen fari a ƙafafu, da rana yake cizo, a tsohuwar taya da gwangwani da randar da ba a rufe ba yake haihuwa. Shi ke yaɗa zazzaɓin shawara da denge da Zika da cikungunya. Sai kiyules, wanda ya fi kowanne yawa a cikin gari, don shi ruwan ƙazanta yake so: kwatar da ta toshe, lambatu, masai, kududdufin bayan gida. Daga magariba zuwa asuba yake aiki. Duk wanda ya taɓa zama a Tudun Wada ko Sabon Gari a watan Satumba ya san kukansa a kunne.

Kiyules ne ke ɗauko bairas ɗin da ake kira Wes Nayil, wato Yammacin Nilu, sunan gundumar da aka fara gano ta a Yuganda a 1937. Asalin zamanta a jikin tsuntsaye ne. Sauro ya ciji tsuntsu, ya kai wa wani tsuntsu, haka take zagayawa, sai tsautsayi ya faɗa kan mutum ko doki. Duniya ba ta damu da ita sosai ba sai da ta ɓulla a birnin New York na Amurka a 1999, hankaki suka yi ta faɗowa matattu, tsofaffi suka yi ta zuwa asibiti da kumburin ƙwaƙwalwa. Daga nan aka zuba kuɗi a bincikenta, shi ya sa mafi yawan abin da zan faɗa miki daga can ya fito, alhali cutar tamu ce ta Afirka. A Najeriya an sha auna jinin mutane da na dawaki a sami shaidar sun taɓa haɗuwa da ita. Likitocin dabbobi sun fi mu saninta, don doki idan ta kama shi sai ya riƙa tangaɗi, ƙafafun baya su saki. Garin da ke da dawaki kamar Zazzau, ga hawan Salla ga hawan Daushe, ya kamata ya san da ita. Doki ma yana da allurar rigakafinta, mutum ne har yau ba shi da.

Cikin mutum 10 da suka kamu, kusan 8 ba za su ji komai ba. Kusan 2 za su yi zazzaɓi da ciwon kai da ciwon jiki, su sha maganin maleriya, su warke da kansu, a ce magani ya yi aiki. Kimanin mutum 1 cikin 150 ne take kai wa ga ƙwaƙwalwa ko laka, kuma akasari wanda ya haura shekara 60 ne, ko mai ciwon suga, ko hawan jini, ko ciwon ƙoda. A cikin waɗanda ta kai wa can, kusan 1 cikin 10 ba sa tashi. Don haka tashin Baba ma ba ƙaramin abin godiya ba ne.

Masu gadin cikin gida

Idan sauro ya yi cizo, bairas ɗin takan fara hayayyafa a fata, ta wuce kaluluwa, ta faɗa jini. Daga cizo zuwa zazzaɓi kwana 2 zuwa 14 ne. Amma shiga jini ba shiga ƙwaƙwalwa ba ne. Jijiyoyin jinin da ke ratsa ƙwaƙwalwa bangonsu a ɗinke yake tsam, ba kamar na sauran jiki ba, sai abin da aka yarje wa ke wucewa. Ki ɗauke shi kamar ganuwar Zazzau a zamanin da take tsaye, ba mai shiga birni sai ta ƙofa, Ƙofar Doka ko Ƙofar Gayan ko wata, kuma kowace ƙofa da mai tsaronta. Bairas takan tsallake ta hanyoyi kaɗan: ko zafin yaƙin da jiki ke yi ya sassauta ɗinkin bangon, ko ta ɓuya a cikin fararen ƙwayoyin jini waɗanda su ba a hana su wucewa, ko kuma ta bi ta cikin jijiyar saƙo tana hawa a hankali har ta isa.

A cikin ganuwar akwai ƙwayoyin saƙo kimanin biliyan 86, su ne ke tunani da tunawa da motsa gaɓoɓi, kuma su Wes Nayil ta fi nema. A tsakaninsu kuma akwai wasu ƙananan ƙwayoyi, kusan ɗaya cikin goma na ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, waɗanda wani masani ɗan ƙasar Sifen, Pio del Rio Hortega, ya bayyana a 1919 ya sa musu suna maikurogiliya. Su ne sojojin da ƙaninki yake nufi. Ni na fi son in kira su masu gadin cikin gida, don ba daga jini suke zuwa ba kamar sauran sojojin jiki. Tun ciki bai kai wata biyu ba suke shiga ƙwaƙwalwar ɗan tayi, kafin a rufe ganuwar, su zauna a nan, su riƙa sabunta kansu da kansu har mutum ya tsufa.

A lokacin lafiya, kowace ɗaya 'yar mitsitsiya ce mai dogayen rassa sirara kamar saiwar ciyawa. Da ana ɗauka a kwance suke suna jiran tashin hankali. A 2005 aka yi amfani da wata na'ura aka leƙa cikin ƙwaƙwalwar ɓera mai rai, sai aka ga rassan nan ba sa hutawa ko na minti ɗaya, suna miƙewa suna janyewa, suna taɓa duk abin da ke kusa da su, kamar mai lalube a ɗaki mai duhu. Cikin 'yan sa'o'i sun lalube ƙwaƙwalwar gaba ɗaya, su sake daga farko. Da sun ji ƙamshin bairas ko ƙwayar da ta ji rauni, sai su janye rassan, su dunƙule, su yi ƙiba, su hayayyafa, su rarrafa zuwa wurin. Su haɗiye abin da ya mutu, su fesa sinadaran kumburi, su aika kira ga fararen ƙwayoyin jini irin waɗanda ake ce wa ƙwayoyin T, su shigo daga waje su kashe duk ƙwayar da bairas ta shiga.

Na taɓa kallon wannan a madubin likita muna ɗalibai, a yankin ƙwaƙwalwar wani da kumburi ya yi ajalinsa. Ƙwayar saƙo guda ta yanƙwane ta yi ja, ga ɗigo-ɗigo masu shuɗi-shuɗi sun yi mata zobe, kamar tururuwa sun samu fara. Malaminmu ya ce mu kalla da kyau, wannan zoben shi ne sa hannun bairas a ƙwaƙwalwa. A lokacin na ɗauka masu ɓarna nake kallo. Daga baya bincike ya nuna min ban gama gani ba. A 2018 an ba ɓeraye wani magani da ke kawar da maikurogiliya kusan kakaf, sannan aka sa musu Wes Nayil. Bairas ɗin ta cika musu ƙwaƙwalwa, suka mutu fiye da waɗanda aka bar wa nasu. Haka aka gani da 'yar'uwarta ta Asiya, mai kawo kumburin ƙwaƙwalwa na Japan. Ma'ana, Malama, idan irin wannan cuta ce ta kama Baba, ƙwayoyin nan na cikin sababin da Allah Ya yi amfani da shi ya tashi daga gadon nan. Wannan shi ne rabin da ƙaninki bai kawo ba.

Inda ɓarnar take

Kowace ƙwayar saƙo tana miƙa rassa ta taɓa dubban 'yan'uwanta, kuma a daidai wurin taɓawar akwai wata 'yar mahaɗa da saƙo ke tsallakawa ta cikinta. Abin da mutum ya sani, hanyar gida, sunan jika, inda ya ajiye tasbaha, ba a cikin ƙwaya ɗaya yake ba, a tsarin mahaɗan nan yake.

To ɗaya daga cikin ayyukan maikurogiliya na asali, tun mutum yana jariri, shi ne rage mahaɗa. Ƙwaƙwalwar yaro takan yi su fiye da buƙata, kamar yadda manomi ke zuba iri da yawa a rami, idan dawa ta fito a cunkushe ya bi ya cire raunana don masu ƙarfi su samu sarari. Ta yaya suke gane wadda za su cire? Jiki yana da wasu sinadarai masu manna alama, masana na kiran su C1q da C3. Kin ga yadda ake shafa wa gini jan fenti idan za a rushe shi, mai katafila ba ya tambaya, inda ya ga ja nan zai dosa? Haka abin yake. Mahaɗar da aka manna wa alama, maikurogiliya ta zo ta gutsure ta ta haɗiye. A yarinta wannan gyara ne, idan mutum ya girma kuma aikin yakan lafa.

Abin da kumburin bairas ke yi shi ne ya tayar da wannan tsohon aiki a lokacin da ba nasa ba. Wani rukunin masu bincike ƙarƙashin Robyn Klein a Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka suka nuna haka a 2016. Sun sa wa ɓeraye Wes Nayil mai rauni a ƙwaƙwalwa, suka bari suka warke sarai. Sai suka ɗora su a kan wani faifai mai ramuka a zagaye, rami ɗaya ne kawai ke da mafaka a ƙasa. Ɓera mai lafiya cikin 'yan kwanaki yake haddace ramin, da an sake shi sai ya miƙe can. Da yawa cikin waɗanda suka warke kuwa kullum sai su yi ta leƙa rami bayan rami kamar yau suka fara gani. Da aka duba ƙwaƙwalwarsu, a wani sashe mai lanƙwasa da ke zurfi ta wajen kunne, wanda ake kira hifokamfas, wato inda ake ɗaure sabon abu a ajiye da kuma taswirar wurare, sai aka ga ƙwayoyin saƙon suna nan da ransu, ba su ragu ba. Mahaɗansu ne suka ragu, kuma ga guntayensu a cikin cikin maikurogiliya. Ɓerayen da aka halitta ba su da C3 kuwa, mahaɗansu sun tsira. Sun kuma duba ƙwaƙwalwar mutanen da cutar ta kashe, suka ga irin wannan ragi a wuri ɗaya.

Ki tsaya a nan ki dubi labarin masallacin. Baba bai manta Fatiha ba, na tabbata, kuma bai manta sunan ƙauyensu ba. Tsohon ilmi ya riga ya bazu a wurare da yawa, yana da wuyar gogewa. Abin da ya kuɓuce masa shi ne ya haɗa inda yake tsaye da inda za shi, aikin hifokamfas ke nan. Hoton kai kuwa, musamman siti-sikan, jini da ƙari da shanyewar wani yanki yake gani. Mahaɗa ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Miliyoyinsu za su iya tafiya hoto ya fito fes. Don haka kalmar "babu komai" da aka faɗa muku, fassararta ita ce babu abin da wannan na'ura ke iya gani. Ciwon na nan a jiki, yana da wuri, yana da dalili. Na san yadda zancen sammu ke raba zumunci, na ga gidajen da ya raba, shi ya sa nake roƙonki ki isar wa dangi wannan bayanin da lalama.

Saura tambaya guda: tunda bairas ta tafi, me ya hana masu gadin komawa mazauninsu? Rukunin nan dai suka sake fitar da amsa a 2019. Ƙwayoyin T da aka kira daga waje, wasunsu ba sa komawa. Sukan tare a ƙwaƙwalwa suna jiran ko maƙiyi zai dawo, suna ta fitar da wani sinadari da ake kira intaferon-gama, shi kuma yana hana maikurogiliya kwanciya. Da aka toshe wa maikurogiliya kunnen jin wannan sinadari, ɓerayen ba su yi mantuwar ba. An gama yaƙi, an manta ba a ce wa mai ganga ya daina ba.

Zika tana bin wata hanya daban da ya kamata mata su sani. An gano ta a dajin Zika na Yuganda a 1947, kuma tun shekarun 1970 masu bincike a Ibadan suka same ta a jinin mutane. A babba yawanci ɗan zazzaɓi ne da ƙuraje da jan ido. Amma a 2015 aka fara haihuwar jarirai masu ƙananan kawuna da yawa a Barazil, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana dokar ta-ɓaci a Fabrairun 2016. Zika tana cin ƙwayoyin da ke haifar da ƙwayoyin saƙo a ɗan tayi, kuma tana iya shiga cikin maikurogiliyar kanta. Akwai gwajin ɓeraye da ya nuna ƙwayoyin da za su zama maikurogiliya na iya ɗauko ta a hanyarsu ta shiga ƙwaƙwalwa, wato mai gadi ya shigo da ɓarawo bai sani ba.

Dole in gaya miki iyakar wannan ilmi. Akasarinsa a ɓera aka gani, ɓera kuwa ba mutum ba ne. Babu gwajin da za a yi wa Baba yau a ce ga abin da maikurogiliyarsa ke yi. Amma ya dace da abin da muke gani a majinyata, kuma ya fi kowane bayani da muke da shi ƙarfi.

Zai dawo daidai?

Ba zan yi miki alkawari ba, waraka ta Allah ce. Amma akwai dalilin sa rai. Ƙwayar saƙo idan ta mutu da wuya a mayar da ita, mahaɗa kuwa ƙwaƙwalwa na ƙulla sababbi har tsufa. Bin diddigin waɗanda suka tashi daga wannan ciwo ya nuna kusan rabinsu na fama da mantuwa ko gajiya ko ƙuncin rai na watanni, da yawa kuma suna samun sauƙi sosai cikin shekara guda zuwa biyu, wasu kuma wani abu yakan rage musu. Wata bakwai bai isa a yanke hukunci ba.

Ina da wani majinyaci, tela ne dattijo, da ya yi irin wannan kwanciya. Ranar da ya fara dawowa asibiti na ce masa ya riƙe min kalma uku, goro, tabarma, doki, zan tambaye shi an jima. Muka yi hirar minti biyar a kan tsadar shadda. Da na tambaya sai ya yi shiru, ya cire hularsa yana juya ta a hannu, ya ce, "Likita, na san ka ba ni ajiya, amma ban san ko mece ce ba." Ɗansa ya ce hannunsa bai manta keke ba, ɗinkinsa na nan yadda yake, amma da ya auna mutum kafin ya ajiye tef ya manta awon. Muka ce a saya masa ɗan littafi, a rataya a jikin keken, kada ya auna kowa sai ya rubuta nan take, kuma kada a hana shi zuwa shago. Bayan shekara guda ya kawo min biyu cikin ukun, na ukun kuma da na ce abin hawa ne sai ya cafke. Littafin dai bai rabu da shi ba.

Abin da nake so ku fara yi shi ne ku mayar da Baba wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, akwai su a asibitin koyarwa na Shika, da niyyar a nemo abin da ke da magani. Bayan kumburin ƙwaƙwalwa wasu na samun farfaɗiya marar jijjiga, mutum ya yi ƙuri na 'yan daƙiƙu, ya riƙa tauna baki, ya dawo a ruɗe. Tsayuwar nan a bakin layi tana iya zama hakan, kuma akwai gwajin da ake manna wayoyi a kai don a gano. A duba suga da hawan jini da ƙoda da maƙoƙo da sinadarin B12. A duba jinsa, don wanda bai ji magana ba ba zai tuna ta ba. A tambaye shi halin zuciyarsa, domin ciwon damuwa yana yawan biyo bayan wannan cuta, kuma dattijon Bahaushe ba zai ce yana cikin damuwa ba, sai dai ya daina fita zaure. Ku tattara duk maganin da yake sha a leda ku kai, har na kemis da na gargajiya, don magungunan barci da wasu na mura da na farfaɗiya suna dusashe tunani. Idan hali ya yi a yi hoton MRI, ya fi siti-sikan gani, kuma yana iya nuna tabon wata bairas ɗin daban, hafis, wadda ba sauro ke kawo ta ba, ita kuwa ƙwayoyin saƙon take kashewa.

Gwajin gano ko Wes Nayil ce, a ganina kada ku wahalar da kanku a kansa yanzu. Bairas ɗin ba ta daɗewa a jini, sai dai a nemi shaidar da garkuwar jiki ta bari, ita kuma shaidar takan rikice da ta denge da ta allurar shawara da yawancinmu muka yi. Ko an tabbatar, ba zai canja kulawar da za a yi masa ba, don har yanzu babu maganin da ke kashe ta.

Abu biyu nake jin tsoro su biyo bayan wannan bayani. Wani zai ce tunda kumburi ne a ba shi deksametason ko firedinisolon, irin waɗanda ake sha don ƙiba. Kada ku yarda sai likitansa ne ya rubuta da dalili. Ba a nuna suna gyara wannan mantuwa ba, kuma a dattijo suna tayar da suga da hawan jini, su ƙara ruɗa shi. Wani kuma zai kawo kwalbar "ƙarin garkuwar jiki" mai tsada. Matsalar Baba ba ƙarancin garkuwa ba ce. Addu'a da ruƙiyya kuwa ku yi ta yi, ba sa karo da asibiti, illa dai kada a rufe shi a ɗaki da hayaƙi, kada kuma a ce ya ajiye maganin hawan jininsa.

Abin da ke ƙulla mahaɗa shi ne maimaici da motsi da barci. Kada ku kulle shi a gida don tsoron ya ɓata. A samu jika ya riƙa raka shi masallaci, hanya ɗaya kullum, ya bar Baba a gaba, sai ya ga ya kauce sannan ya taɓa shi. Ya ci gaba da tilawa da hirar majalisa. A sa masa takarda mai lambar waya a aljihun gaba. Ya dakata da hawa babur da sa hannu a cinikin fili ko gida har likita ya sake auna shi. Sannan don Allah ku hana yara yi masa jarrabawa, a zo da baƙo a ce "Baba wane ne wannan?" Wannan na karya zuciyar dattijo. Mai shigowa ya yi sallama ya faɗi sunansa da kansa.

Ku da kuka yi jinyarsa ba ku cikin haɗari ta dalilinsa, ba a ɗauka ta taɓawa ko cin abinci tare, kuma jinin mutum ba ya tara Wes Nayil har sauro ya ɗauka ya kai wa wani. Amma sauron da ya cije shi danginsa na nan a kwatar layinku, sai a haɗu a yashe ta kafin ruwa ya sauka, a rufe masai da randuna, tsofaffi da masu ciki su shiga gidan sauro, a rage musu zaman waje da magariba. Kuma idan wani a gidan ya yi zazzaɓi ya haɗa da sambatu, ko yawan barci, ko sanƙarewar wuya, ko jijjiga, ko ƙafa ta saki, a ranar za a kai shi asibiti, ko gwajin maleriya ya nuna ko bai nuna ba. Na yaba muku da kuka yarda aka ɗebi ruwan bayan Baba. Mutane da yawa na ƙi don tsoron wai yana gurgunta mutum, alhali ƙasa da inda laka ta ƙare ake sa allurar, kuma da wannan ruwa ne ake bambance sanƙarau da tarin fuka na ƙwaƙwalwa da hafis, waɗanda duk suna da magani idan an kama su da wuri.

Kafin ranar ganin likita, ki samu littafi ki riƙa rubuta abin da kika gani na sati biyu: ranar da ya ruɗe, ƙarfe nawa, ya yi barci a daren ko bai yi ba, minti nawa ya ɗauka kafin ya dawo hayyacinsa. Idan ya yi ƙurin nan da na faɗa, wani ya ɗauka a waya ba tare da ya ji kunya ba. Ki haɗa da takardar sallama da sakamakon ruwan bayan, ki tafi da wanda ya fi kowa zama da shi.